Rabon Rauta a Gidan Baffa Isiyaku

Gidanmu na Rano gida ne na mutanen da ba su san komai ba, kuma ba a isa a gaya musu ba. Na faɗi haka ne ba tare da jin kunya ba, don a cikinsa aka haife ni. Ni ce Juwairiyya, ina aure a Kibiya, a can nake koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata.

Yayana Ɗayyabu ya rasu wata biyu kafin abin da zan ba da labari. Ya bar matarsa Salamatu da 'ya'ya uku, da karatun da ya sa ta a wata makaranta ta karatu daga gida. Shekara uku tana fama, saura jarrabawa ɗaya ta samu takardar koyarwa, abin da za ta ci da marayun nan ke nan. An sa jarrabawar ranar Asabar ƙarfe goma na safe, ta intanet, awa biyu cif. Wanda ya rasa sai baɗi. Ita kuwa tana cikin takaba, ba fita.

Matsalar ita ce sabis. Ɗakinta na can ƙuryar gida, bayan katangun ƙasa masu kauri har huɗu, ko kira ba ya shiga. Modem ɗin da marigayi ya saya, na'urar kamo intanet, yana shagonsa da ke jikin zaure, haɗe da eriya a kan dogon ƙarfe, ba ya ɗaukuwa. Ƙarfinsa kuma bai wuce zauren ba, inda dattawan gida ke zaman gulmar gari tun daga hantsi.

Sai na sayo rauta, na'urar yaɗa intanet a cikin gida, irin mai guda uku, farare, kowace kamar gwangwanin madara. Aikinsu miƙa-miƙa ne. Ta farko ita ce uwa, ana jona ta da modem da kebul. Ta biyu tana karɓa daga uwar ta miƙa wa ta uku. Idan aka cire ɗaya daga mazauninta, shi ke nan, sauran sun zama kayan ado.

Ranar Alhamis na zo na haɗa. Na kashe modem, na jona uwar, na kunna, na jira fitilarta ta koma shuɗiya, na bi matakan manhajar a wayata. Ta biyu na ɗora ta a kan katangar madafa, a tsakiyar gida, inda wayar sola ta ratsa. Ta uku na ajiye a tagar Anti Salamatu. Muka buɗe shafin makarantar a kwamfutar marigayi, ya buɗe nan take. Ranar na fara ganin murmushinta tun bayan rasuwar. Na koma Kibiya da zuciya fes.

Na manta da Baffa. Alhaji Isiyaku ke nan, yayan mahaifinmu, mai gidan gaba ɗaya. Mutum ne da bai taɓa shuka komai a gidan ba sai doka. A wurinsa duk abin da ya ƙetaro zaure, goro ne ko naman layya ko tsarabar Makka, daga sama ake fara rabonsa, babba ya ɗauka, mai bi masa ya ɗauka, har ya ƙare a inda ya ƙare.

Asabar ƙarfe tara da rabi na iso. Na tarar da Anti Salamatu zaune da kwamfuta a cinya, idanunta jawur, tagar wayam.

"Jiya bayan an sauko Juma'a aka aiko aka ɗauke," in ji ta. "Wai an yi rabo ba bisa ƙa'ida ba."

Na leƙa madafa, babu. Na leƙa shago, modem na nan yana ta ƙyafta ido, kebul ɗin na reto ba komai a bakinsa. Raina ya ɓaci. Na gyara mayafi na durƙusa a bakin zaure. Baffa na kishingiɗe a kan buzu, ƙaninsa Baba Habu na gefe, da abokan hirarsu huɗu.

"Baffa, barka da hantsi. Na zo ne kan na'urorin nan."

"Yauwa, 'yar nan, Allah Ya yi albarka, mun ga saƙo. Sai dai kin yi kuskure, na gyara. Mai kebul ɗin tana turakata. Ta biyu tana wajen Habu. Ta uku na ba Jabiru, shi ne babba a samarin gida."

"Baffa, ba tsaraba ba ce. Don Anti Salamatu na sayo, yanzu ƙarfe goma take da jarrabawa. In ba a jere suke ba, ba sa aiki."

"Tawa tana aiki," in ji Baba Habu. "Da idona na ga wutarta, ja jawur."

Ja ita ce alamar babu komai. Amma ta ina zan fara da mutumin da ke alfahari da ita?

"Ke yanzu," in ji Baffa, ya tashi zaune, "a ganinki daidai ne a ɗora abu mai daraja a kan madafa cikin hayaƙi, alhali manya ba su samu ba? Sannan a tsallake maza shida a kai wa matar da ko jinin gidan nan ba ta da shi?"

Abokan hira suka gyaɗa kai kamar an karanta musu hadisi.

"To Baffa, a ara mana na awa biyu kawai."

"Abin da aka raba an raba. Mace mai takaba ma, ina ita ina boko? Ta riƙe carbi."

Makullin turakar na aljihunsa, ina ganin shatinsa. Na duba waya, goma ta wuce da minti shida. Na koma ciki ina kuka, kukan haushi, na gaya wa Anti Salamatu komai.

Ta daɗe tana kallon kwamfutar. Sai ta tambaye ni, "Kin ce modem ɗin shi kaɗai yana kaiwa zaure?"

"Yana kaiwa."

"Zaure ai cikin gida ne. Ban fita ba ke nan."

Matar da ko sunan Baffa ba ta iya faɗa, wadda in ta ji tarinsa take komawa ɗaki, ita ce ta zura dogon hijabi, ta ɗauki darduma da kwamfuta. Na bi ta a baya. Ta yi sallama a bakin zaure, ba ta jira amsa ba, ta shimfiɗa dardumar a tsakiyarsu, ta zauna ta buɗe kwamfuta.

Ban taɓa ganin tsofaffi sun tashi da sauri haka ba. Mai sanda ya manta da sanda. Baba Habu ya sa takalmin wani. Kafin ka ce me, duk sun fice ƙofar gida, inda ko inuwar bishiya babu.

"Innalillahi!" Baffa ke faɗa daga waje. "A gidana? Juwairiyya, ki gaya wa matar nan ta tashi!"

"Baffa, ai kunya ba za ta bar ni in yi magana gaban manya ba," na ce, na zauna na tare ƙofar.

Ta shiga shafin goma da minti ashirin da biyar. Suna waje cikin rana suna ta salati da cika baki, ba wanda ya iya shigowa ya zauna kusa da mai takaba, ba kuma wanda ya yi tunanin miƙo makulli. Ita ko ɗaga kai ba ta yi ba. Gumi na ɗiga daga haɓarta a kan hijabi, yatsanta na tafiya.

Sha biyu daidai shafin ya rufe kansa. Saura tambaya tara ba ta taɓa ba, cikin sittin.

Ta rufe kwamfutar a hankali, ta naɗe darduma. Ta kama hannuna ta matse, ta dubi ƙofar da muryar Baffa ke shigowa, ta ce da ni ƙasa-ƙasa:

"Juwai, ko na faɗi jarrabawar, don Allah kada ki bari su sani."