Gaisuwar Mai Unguwa

Issoufou mutumin Maraɗi ne, lodin jakunkunan alhazai yake yi a filin jirgin Madina. Ranar hutunsa, maimakon ya miƙe ƙafa kamar kowa, sai ya nufi wani gidan kula da karnukan titi a bayan unguwar Harra ta Gabas, ya yi shara, ya zuba ruwa, ba ko sisi. Abokan ɗakinsa sun ce rana ce ta taɓa masa kai. Shi kuwa tausayi ne kawai ya yi masa yawa.

A gidan akwai wani tsohon jan kare mai kunne ɗaya, wanda aka tsinto a ƙofar ɗakin wani maigadi Bahaushe da ya rasu. Wata biyu bai kula kowa ba. Ba ya cizo, ba ya haushi. In ka matso, sai ya juya maka baya ya fuskanci bango kamar surukin da aka raina.

Wata safiya Issoufou ya tsuguna gefen kejin karen yana waya da kawunsa. "Ina kwana, Kawu? Ina gajiya? Ya iyali? Ya zafi?" Yana ɗaga kai sai ga kare ya juyo, yana kaɗa wutsiya a kan kowace tambaya. Ikon Allah! Ashe marigayin ne ya ɓata shi, kullum sai ya gaishe shi tsaf kafin ya ba shi abinci. Issoufou ya gwada tsallake "ya iyali", kare ya koma bangonsa. Ya gwada daga tsaye, ko kallo bai samu ba. Tun ranar ya raɗa masa suna Mai Unguwa.

Sai Dakta Sundus, likitar da ke riƙe da gidan, ta ce wuri ya cika. Ranar Alhamis duk karen da bai samu mai ɗauka ba za a kai shi wani sansani can cikin sahara, inda ɗaruruwan karnuka ke kokawar abinci. Issoufou ya san tsoho mai jiran gaisuwa ba zai yi mako guda a can ba. Abin ya tsaya masa a rai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Ranar Laraba wani mai gonar dabino, Sa'id, ya zo neman karen gadi, farar jallabiyarsa tana ɗaukar ido. Issoufou ya ja shi wurin Mai Unguwa, ya haɗa ɗan Larabcinsa na filin jirgi ya yi bayani: sai an tsuguna an gaishe shi, sai da Hausa, kuma ba a tsallake ko ɗaya.

"Ni zan tsuguna wa kare?" in ji Sa'id da Larabci. Ya leƙa kejin ya jefa gajeriyar gaisuwar Larabci, "kef halak". Mai Unguwa ya tashi a hankali, ya nemi bango.

Takaici ya ishi Issoufou. Ya yi ƙasa da murya ya ce da Hausa, "Mutum da gemunsa, ko gaisuwa ba a koya masa ba."

"Na ji ka sarai," in ji Sa'id, har yanzu da Larabci.

Kunya ta kama Issoufou, ya rasa inda zai sa kansa. Ashe kakar Sa'id Bakanuwa ce, ita ta raine shi a nan Madina. Shekara talatin da rasuwarta, kuma tun lokacin Hausa ba ta sake fita daga bakinsa ba.

"Alhaji, ka yi haƙuri," in ji Issoufou. "Amma don Allah ka gwada. Gobe za su kai shi sahara."

Sa'id ya waiwaya hagu da dama, ya ga ba kowa sai Issoufou da Dakta. Ya tattare jallabiya ya tsuguna, gwiwoyinsa suna ƙara. Da maganar ta fito, wallahi ba muryar mai gona ba ce, salon tsohuwa ne sak.

"Sannu, ɗan nan. Ka tashi lafiya? Ina gajiya? Ya iyali? Ya zafi?"

Kunne ɗayan ya miƙe. Mai Unguwa ya juyo, ya ƙare wa mutumin kallo, wutsiya ta soma aiki. Dakta Sundus ta buɗe keji, ya fito da isa, ya wuce su duka, ya haye bayan motar Sa'id ya zauna. Daɗi ya cika Issoufou har ya ji ƙwalla.

Amma Sa'id bai tashi ba. Yana nan tsugune gaban kejin da babu kowa a ciki, gaisuwar tana ta zubo masa, yana ɗan tsayawa bayan kowace tambaya yana jira.

"Ina labari? Ya kwana biyu? Ya mutan gida?"

Issoufou ya jingine tsintsiya, ya zo ya tsuguna kusa da shi.

"Lafiya lau, Alhaji. Duk suna gaishe ka."