Ragon Malam Ilu

A shekarar da aka fara amfani da naira, ragon Malam Ilu ya ɓace a Babura. Ranar Lahadi yana wucewa ta bayan coci, sai ya ji ana waƙar jinin Ɗan Rago. Ya jira aka tashi, ya tare Silbanus tela da ke fitowa daga cocin.

"Wane rago kuka yanka?"

"Baba, ba mu yanka komai ba. Yesu muke nufi. Mun gaskata ya ba da ransa hadaya don ya fanshe mu daga zunubi."

Malam Ilu ya gyaɗa kai, amma hankalinsa bai kwanta ba. Ya bi telan har gida wai zai sha ruwa, yana ta satar kallon tukwanen matarsa.