Wutsiyar Zakin Dandali

Zakin dutsen dandali yana lilo a sama, ɗaure da igiyoyi a wuyan motar ɗaga kaya, lokacin da Si Lakhdar ya lura ana juya shi ta inda bai kamata ba. Ya dire tiren gahawa a kan teburin 'yan domino, ya ratsa jama'a da ƙyallen goge kofi a kafaɗa.

"Kai direba! Ka ɓata! Yamma yake kallo, yamma!"

Direban ko waiwayowa bai yi ba. Wadda ta juyo ita ce Madam Suhaila, matashiyar da aka turo daga babban birni ta gyara zakin. Tun bara da wata motar siminti ta ƙwace ta fasa shi, ita ce ta tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ta tafi da su, ta harhaɗa. Yau ta dawo da shi fari tas, har gashin wuyansa yana ƙyalli.

"Baba, ba ɓata ba ne," in ji ta cikin ladabi. "Gabas zai kalla. Haka aka kafa shi tun asali."

Ta zaro wani tsohon katin hoto daga jakarta. Ga dandalin nan a zamanin Faransawa, ga ƙaton kaskon dutsen, ga zakin zaune a tsakiya ruwa yana zuba daga bakinsa. Kuma ba shakka gabas ya fuskanta, wajen gidan tsohon gwamnan Faransawa.

Si Lakhdar ya ɗaga kai ya dubi zakin. Wani Ba'italiye mai sassaƙa ne ya yi zakin nan tun kakanni suna samari. Zakin ya sha harsashi a cinya lokacin yaƙin 'yanci, ya sha bam a shekarun tashin hankali, bai taɓa daina ba da ruwa ba. Mutanen gari sun ce duk baƙon da ya sha daga bakinsa sai ya dawo. Saboda haka amare da anguna nan suke zuwa ɗaukar hoto, matafiya nan suke tsayawa, kuma duk wanda ya gama sha sai ya juyo ya ga kujerun Si Lakhdar suna jiran sa. Gidan gahawarsa yana daidai gaban fuskar zakin, sunansa ma ke nan a allo: Fuskar Zaki.

A ɗaya gefen kuwa, jikin katangar tsohon gidan gwamna, nan gidan gahawar Bu'alam yake, wan Zulikha, matar Si Lakhdar. Tun suna samari Si Lakhdar yake kiran sa Sarkin Wutsiya. Ko a ranar ɗaurin aurensa sai da ya tambaye shi ko zakin ya ci abin da ya ɓata masa ciki jiya.

Ga Bu'alam ɗin nan kuwa ya iso, sanye da sabuwar kwat, yana murza gashin baki.

"Suruki, barka da hantsi. Na ga launinka ya sauya. Kada ka damu, wutsiyar ba ta da wahalar zama. Ana sabawa. Sai dai in iska ta kaɗo."

'Yan kallo suka tuntsure da dariya.

"Kai ka san da wannan maganar?" in ji Si Lakhdar.

"Ni na nemo mata hoton a akwatin marigayi babana. Ai taimaka wa tarihi wajibi ne."

Si Lakhdar ya san ainihin dalilin da ya sa aka juya zakin yamma a can baya. Babansa ya sha ba shi labarin yana dariya. Bayan 'yancin kai bututun ruwan ya fashe, aka sayo sabo, sai ya gaza kaiwa. Maimakon a sake kashe kuɗi, mai gyaran famfo ya ce a juya dabbar kawai, bakin ya zo kusa da bututun. Shi ke nan tarihin. Amma wa zai tsaya gaban hukuma ya kare mutuncinsa da guntun bututu?

Ya dubi zakin da ke ci gaba da juyawa a hankali. Ya dubi magajin gari, wanda ya fito daga mota yana gaisawa da mutane hannu bibbiyu, domin zaɓe ya matso. Sai kawai ya ji bakinsa ya buɗe.

"To madalla! Ku mayar da shi ya yi wa gwamna gaisuwa! Shahidai dai suna kabari, ba za su yi magana ba!"

Kowa ya waiwayo. Magajin gari ya matso da sauri.

"Si Lakhdar, me ya kawo shahidai cikin maganar famfo?"

"Ranka ya daɗe, ka tambayi wannan baiwar Allah wa ya juya shi, kuma don me." Ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Ranar da aka sauke tutar Faransa, mazan garin nan suka taru a nan. Suka ce zakinmu ya gaji da kallon gidan azzalumi. Suka ɗaura masa igiya, suka ja da ƙarfin tsiya, suka juya wa gidan gwamna baya. Suka ce daga yau abin da ya dace da shi zai riƙa gani. Ina yaro, a kan wuyan babana nake, da idona na gani!"

Shi kansa ya yi mamakin yadda muryarsa ta yi rawa a ƙarshe.

Madam Suhaila ta gyara hular kwanonta. "Baba, na karanta duk takardun garin nan. Ba inda aka rubuta haka."

"'Yata, masu jan igiya ba sa riƙe alƙalami."

Wani ya ce, "Allahu akbar." Daga nan sai Baba Ɗahar ya miƙe daga kujerarsa. Shi ne tsohon ɗan gwagwarmaya mafi tsufa a garin, kunnensa ya yi nauyi, amma lambobin yabonsa kullum suna ƙirji. Aka yi masa ihun bayani a kunne. Ya ɗaga kai yana kallon sama, can sai ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ni ne a gaban igiya! Har yau kafaɗar nan ba ta koma daidai ba."

"Wallahi an yi haka," in ji wani tsoho mai sayar da zaitun. "Mata suna ta guɗa daga saman soraye."

"Uwata ce ta dafa wa masu ja kuskus," in ji wata dattijuwa.

Kafin a ce me, an sami mutum goma da suka ja igiyar, har da wani da kowa ya san bayan 'yanci aka haife shi. Si Lakhdar ya tsaya yana gyaɗa kai kamar liman yana sauraron karatun ɗalibai. Ya saci kallon Bu'alam. Gashin bakin ya kwanta.

Magajin gari ya ƙirga kawunan tsofaffin da ido, ya tuna kowannensu yana da 'ya'ya da jikoki masu ƙuri'a. Ya juya wajen Madam Suhaila.

"Madam, tarihin da jama'a suka yi da hannunsu ya fi na hoton Bafaranshe. A mayar da shi yadda muka san shi."

Ta yi ajiyar zuciya, ta ɗaga wa direba hannu. Zakin ya sake juyowa, ya sauka a mazauninsa, idanunsa cikin idon Si Lakhdar. Aka yi tafi.

"Sarkin Wutsiya," in ji Si Lakhdar yana wucewa, "sarauta ta tabbata. Allah ya ja zamani."

Bu'alam yana tsaye ya ƙura wa bayan zakin ido, yana taɓa haɓa. Sai can ya ce da ƙarfi, ba tare da ya kalli kowa ba, "Igiyar ma ta babana ce. Daga shagonmu aka ɗauko ta."

Da la'asar aka yi bikin buɗewa. Si Lakhdar ya jera kujeru har bakin titi, ya sa aka toya makrud, cincin mai dabino, tire uku, ya sa farar riga. Yana cikin goge tebur ya ga ma'aikata suna kwance dandamalin da aka kafa a gabansa tun jiya.

"Kai, ina za ku da shi?"

"Magajin gari ya ce a mayar can baya. Ya ce can ne tarihi yake."

Ya zuba ido. Aka kai dandamali gindin wutsiya. Aka kai tutoci. 'Yan talabijin da suka zo daga babban birnin jiha suka kafa na'urarsu yadda za ta kamo bayan zakin da gidan gwamna a hoto ɗaya. Magajin gari ya yi jawabi mai tsawo, ya kira wutsiyar amsar da talakawa suka ba mulkin mallaka, ya yi alkawarin kafa allon tunawa a nan gefen. Baba Ɗahar ya nuna yadda ya ja igiya har sai da aka tare shi kada ya faɗi. Aka buɗe ruwa, ya zubo daga bakin zakin gwanin kyau, ba kowa a gabansa sai tantabaru.

Wasu ango da amarya suka sauko daga mota mai ado. Si Lakhdar ya miƙe da murmushi. Suka kurɓi ruwan a gurguje, suka zagaya baya. Amaryar ta dafa wutsiyar tana dariya, aka ɗauke su. Har an samu mai fenti a kan tsani yana rubuta sabon suna a allon Bu'alam: Wutsiyar 'Yanci.

Mutum ɗaya ce ta zauna a kujerun Si Lakhdar. Madam Suhaila ta ajiye hularta a kan tebur, ta nemi gahawa ba sukari. Ta kurɓa, tana kallon taron.

"Baba, ka san da muka ɗaga shi bara, na ga wani abu a ƙarƙashi. Tsohon bututu, guntu, an yi masa dabara."

Si Lakhdar ya ci gaba da goge kofin da ya riga ya bushe.

"Ban sa a rahotona ba," in ji ta. "Ba wanda ya tambaye ni. Gahawarka dai ba ƙarya a cikinta."

Tana tashi sai ga Zulikha ta ratso dandalin, ta fito daga shagon wanta, hannunta duk gari.

"Ke ma can kike?"

"To ina zan je? Nan akwai aikin yi ne? Yaya ya ce in roƙe ka kujeru, mutane suna tsaye."

"Kujeruna? Sai dai ya mutu!"

Bu'alam da kansa ya biyo bayanta, gumi ya jiƙa sabuwar kwat, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka.

"Suruki, ka taimaka. Kuma 'yan talabijin suna neman wanda ya gani da idonsa. Baba Ɗahar ya fara cewa da giwa aka ja shi. Kai ka fi kowa iya labarin nan. Zo ka ba su, a shagona, gahawa kyauta."

Si Lakhdar ya dubi zakin. Zakin ya dube shi, ruwa yana zuba daga bakinsa, kamar mai danne dariya. Ya sauke ƙyallen daga kafaɗa, ya ninke shi, ya gyara wuyan rigarsa.

"Igiyar taka ce, na bar maka," in ji shi. "Amma ka sani, babana ne ya hau bayansa ya ɗaura ta."

"Da safe ka ce kana kan wuyansa."

"Da ni ya hau."

Bu'alam ya yi ɗan nazari. "Ya hau," in ji shi. "Ɗauko kujerun."