Huji a Safar Hannu

A ɗakin binciken nan akwai ƙa'idar da ba ta da fashi. Duk wanda ya fito daga ɗakin ciki, inda ake nazarin ƙwayar wani zazzaɓi marar magani, sai ya cika safar hannunsa da ruwa ya matsa, ya ga ko tana yoyo. Shekara shida Maijego tana yin haka tana hamma. Sunan da abokan aiki suka laƙaba mata ke nan tun da ta dawo daga hutun haihuwa. Ranar nan tana matsa ta hagu, sai ga ruwa ya tsirto siriri kamar zare.

Ta duba babban yatsanta, ga ɗigon jini. Sai ta tuna ɓeran gwajin da ya zabura tana masa allura.

Ta san dokar kamar yunwar cikinta: a sanar da jami'ar kariya nan take, a killace mutum kwana ashirin da ɗaya. Ga shi sha biyu ta yi, Goggo, uwar mijinta, tana bakin ƙofa da jaririn Maijego, ta kawo shi shan nono kamar kullum. Watansa huɗu, kuma ɗan rigima ne, ko an kashe shi ba ya kama bulumboti.

Ba wanda ya gani. Gaskiya dai ɗaya ce, Maijego ta jefa safar a kwandon shara, ta wanke hannu har sau uku, ta fita tana ce wa ranta ƙila ba komai.

"Sai yanzu?" in ji Goggo. "Ɗan naki ya kusa tsinka min kunne. Ungo."

Ta miƙo shi. Yaron ya ji ƙanshin uwa, ya shiga wage baki yana juya kai. Maijego ta ɗaga hannu za ta karɓa, idonta ya sauka a kan yatsan. Ta mai da hannuwan baya.

"Goggo, kada ki matso."

"Ke lafiyarki? Karɓi ɗanki mana."

"Don girman Allah ki koma da shi. Ki gwada masa madara da cokali, in ya ƙi ki sake gwadawa."

Ta juya da gudu, kukansa na bin ta har cikin baranda.

Jami'ar kariya, wadda suke kira Ba-Sani-Ba-Sabo a bayan idonta, ta saurare ta ba ta katse ba. Ta sa aka ciro safar, ta rubuta lokaci.

"Kin taɓa yaron?"

"Ban taɓa ba. Ranki ya daɗe, ko na tatsa a kai masa? Ba ya cin komai."

"Ni ma uwa ce. Amma ba abin da zai fita daga jikinki ya bar ginin nan."

Da la'asar, a ɗakin da aka killace ta, nono ya cika mata ƙirji har ya jiƙa riga. Ta tatsa a kofi tana kuka, ya cika taf, da ɗuminsa. Nas ta shigo a rufe tun daga kai har ƙafa, ta karɓa, ta juye shi a bokitin maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Goggo ta bugo waya. Yaron ya ƙi cokalin.