Farashin Rylan

Babu rana a sama ranar Lahadin nan. Gajimare ne toka-toka tun daga rufin maƙwabta har ƙarshen gari, amma Rylan Dueck yana sanye da baƙin tabarau. Yana tsaye a bayan gida riƙe da tiyo, yana malala ruwa a kan filin ƙanƙarar da ake yi wa jikokin gidan duk hunturu. Ruwan na sauka yana tururi, kafin ya kai katakon da ya kewaye filin ya daskare.

Orest Demchuk yana kallonsa ta tagar kicin, gahawarsa na hucewa a hannu. Yana ɗan shekara goma sha shida aka kawo Rylan gidan nan daga gonar ubansa, kamar yadda ake rarraba yara 'yan wasan hokin ƙanƙara a gidajen mutane a Kanada idan ƙaramin kulob ya ɗauke su. Darlene, matar Orest, ta ba shi ɗakin ƙasa, ta yi ta wanke masa safar da warinta ke korar kare. Yanzu ya zama ɗan gaba a babban kulob na garin, yara na yawo da riga mai lambarsa, amma abincin Lahadi bai taɓa wuce shi ba. Shi kuwa Orest aikinsa a kulob ɗin guda ɗaya ne: ya kalli ɗan wasa, ya faɗa wa manaja nawa ɗan wasan zai yi a kasuwa.

"Dubi ɗan gayun naka," in ji Darlene. "Tabarau cikin hadari! Ko 'yan matan talabijin ne suka laɓe a bayan shinge?"

Orest bai yi dariya ba. Idonsa ya riga ya soma aiki, kuma ba ya iya hana shi.

Da suka zauna cin abinci Rylan ya cire tabarau, ya runtse ido, ya ce, "Mama, don Allah a kashe fitilar nan ta sama. Abincinki ya fi kyau a duhu."

"Ɗan banza, ka ci faranti uku sannan ka zage ni." Ta kashe, ta tura masa kwanon pirogi, dafaffen kwaɓin fulawar nan mai cushen dankali, ta koma kicin soya albasa.

"Tun yaushe?" in ji Orest a hankali.

"Tun yaushe me?"

"Ni za ka yi wa wannan? Ni da na koya maka aske gemu?"

Rylan ya juya cokali a faranti. Tun watan jiya ne, da aka haɗa kansa da gilashin gefen fili. Haske na sara masa kai. Wani lokaci faifan roba yakan zama biyu a gaban sandarsa, sai ya zaɓi ɗaya ya buga.

"Likitoci sun gwada ka ai, suka ce lafiya."

"Haba Baba, kamar ba ɗan hoki ba." Ya yi murmushin jin kunya. Kowa ya san dabarar. A farkon kakar wasa ana yi wa kowane ɗan wasa gwajin ƙwaƙwalwa yana lafiya lau, domin a sami abin kwatantawa ranar da ya bugu. To sai tsofaffin hannu su koya wa sababbi su yi sanyin jiki a gwajin farko, su manta kalmomi da gangan. Ranar da kai ya bugu da gaske, sakamako ya fito daidai da na mai lafiya, a ce koma fili.

"Kwantiragina zai ƙare bana. In suka zaunar da ni yanzu, na shiga uku. Zai wuce, wallahi yana raguwa." Ya ɗago ido. "Ba ma'aikacin kulob na faɗa wa ba, Baba. Kai na faɗa wa."

Orest ya gyaɗa kai. Darlene ta shigo da albasa, aka koma maganar jikoki.

Ranar Juma'a za a rufe kasuwar musayar 'yan wasa. Da safiyar ranar manaja Lorne ya kira shi ofis. A hanya Orest ya wuce ƙofar likitan kulob, a buɗe take, har likitan ya ɗaga masa hannu. Ya rage tafiya kaɗan, sannan ya ɗaga nasa hannun ya wuce.

"Zauna, tsoho," in ji Lorne, wayoyi biyu na ruri a gabansa. "Mutanen can kudu, na cikin hamadar Amurka, sun nace sai yaronka. Za su ba mu golansu. Ka san bana ragarmu ta zama ƙofar kasuwa, kowa shiga yake. In ba mu sami gola ba, ni da kai za mu je sayar da motoci a bazara."

"Me ka ce musu?"

"Na ce su je su sha ruwa. Yaron bai kai ganiyarsa ba. Nan da shekara biyu sai darajarsa ta kai gola biyu da ɗan baya a kai. Ko ba haka ba?"

Nan ne wurin da zai iya ceton yaron. Lorne ba ya son sayarwa, abin da yake nema kawai Orest ya ce haka ne. Ko kuma ya ce, kira likita, yaron nan ba shi da lafiya. To da Rylan ya zauna a ɗaki mai duhu har kansa ya warke, ya tsani Orest na shekara ɗaya ko biyu, farashinsa ya zube, gola ya tafi wani wuri. Orest ya ga duk wannan sarai. Ya kuma ga ɗaya lissafin, wanda kansa ya gama tun yana tagar kicin: kaya ne da ke kan tsadarsa yau, gobe kuwa babu wanda ya sani.

"Sayar," ya ce.

Lorne ya ajiye waya. "Kai? Yaron da ya tashi a gidanka?"

"Ba zai taɓa fin yau tsada ba."

"Akwai abin da ka sani ne? Ka san doka, duk abin da likitocinmu suka sani sai mun faɗa musu."

"Likitocinmu sun ce lafiyarsa ƙalau."

Gaskiya ya faɗa, amma ba dukanta ba. Lorne ya daɗe yana dubansa, sannan ya yi abin da manajoji suka iya, ya ƙi yin tambaya ta gaba. Ya ɗauki waya.

Kafin la'asar labari ya cika gari. Da Orest ya isa gida ya tarar da tasi a ƙofa, jakar kayan wasa da damin sanduna a baya. Darlene tana cusa pirogi a robobi, ido jawur, tana sauke wa Lorne kwandon zagi.

"Mutumin da ko kansa bai iya tajewa ba! A sayar mini da ɗa kamar ɗan maraƙi? Kai kuma kana ina aka yi wannan?"

"Mama, bar Baba," in ji Rylan. "Ai ba shi ke yanke hukunci ba. Na san ya yi iyakar ƙoƙarinsa."

Orest ya cire takalmansa ya sa silifas. Da za a zage shi da ya ji sauƙi, amma babu mai niyyar zaginsa a gidan.

Rylan ya ja shi zaure, ya rage murya. "Na gode da ka riƙe maganar nan. Duk makon nan ina jira a kira ni ɗakin likita, shiru. Na ce Baba ba ya cin amana."

"Ka je ka ga likitansu. Ka faɗa masa komai, yau ɗin nan, kana sauka."

"Bayan sun ba da golansu saboda ni? Ai sai su jefo ni ta taga." Ya yi dariya. "Kocinsu ya kira ni. Gobe zan buga. Ya ce a bakin raga yake so na, inda ake cin duka, wai ya ji ba na tsoron karo."

"Rylan..."

"In kaka ta ƙare, Baba. Alkawari."

Darlene ta rungume shi har sai da direba ya yi ham. "Ko ba komai za ka huta da sanyi," ta ce tana share hanci. "An ce can rana ba ta ɓuya, kullum tsaye take ƙwal a ka."

Motar ta soma ja da baya lokacin da Orest ya hango tabarau a kan tagar kicin. Ya fizge shi ya fita da silifas, dusar ƙanƙara na shiga masa tsakanin yatsu, yana buga bayan motar da tafin hannu. Direba ya taka birki. Rylan ya sauke gilashi.

A zuciyarsa Orest ya shirya magana. Zai ce sauko, ni ne na ce a sayar da kai, zo mu je asibiti. Amma takardu sun riga sun wuce, gola yana cikin jirgi, Darlene na tsaye a ƙofa tana kallo. Ya miƙa tabarau.

Rylan ya karɓa ya sa, ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Ka gani ko?" ya ce. "Kai kaɗai ne kake lura da ni."

Orest ya tsaya a titi har motar ta sha kwana. Da ya dawo ciki Darlene ta kunna fitilar saman tebur, ta ajiye faranti biyu.

"Gobe ka nemo mana tashar da za ta nuna wasan," ta ce. "Ina so in ga yadda za su karɓe shi."