Iskar Mashigi

A ofishinmu na hasashen yanayi akwai mutumin da muka daɗe ba ma ga maciji da juna. Bi-Layi muke kiransa, domin shi ke kula da babbar kwamfutar ofis, kuma ko Oga ne ya kawo aiki, amsar ɗaya ce: "A bi layi." Ni kuwa da ake rabon haƙuri ban samu da yawa ba.

Wata safiya ina ajiye jaka wayata ta yi ƙara. Yayata ce, daga tsibirin da aka haife mu. 'Yarta ta fari tana naƙuda, nas ta ce ɗan ya zo a gicciye, dole a ƙetare da ita babban asibiti a yi mata aiki. Kafin in ce wani abu ta miƙa wa matuƙin jirgin ruwan asibiti wayar.

"Malama, hanya biyu ce," in ji shi. "Ta mashigi, tsakanin dutsenmu da ƙaramin tsibiri, ita ce gajeriya. In na zagaya ta bayan dutse, tafiyar ta ninka. Yanzu ruwa lafiya lau, amma ban san halinsa in rana ta ɗaga ba. Kafin a sauko da ita daga kan tudu akwai ɗan lokaci. Me na'urarku ta ce?"

Na buɗe hasashen ranar. Iska mai sauƙi ko'ina, in ji hasashen. Sai dai na san inda gizo ke saƙar. Kwamfuta raga take shimfiɗa wa taswira, kowane idon raga ta ba shi tsayin ƙasa ɗaya da iska ɗaya. Ragarmu ta kullum manyan idanu gare ta, ido guda ya fi tsibirinmu faɗi. Dutsen da na tashi ina kallo, a wurinta ɗan tudu ne da aka baje cikin ruwa, mashigin kuwa babu shi sam. Ba ƙarya ta yi ba, iya abin da take gani ta faɗa. Amma iska in ta shiga matsatsi tsakanin duwatsu biyu ƙara gudu take, kamar ruwan tiyo in an danne bakinsa da yatsa. Ko za ta yi hakan yau, sai an ƙanƙanta idanun ragar, dutse ya miƙe, mashigi ya fito. Kwamfutar teburina kuwa sai ta kwana tana wannan lissafi.

Babbar kwamfuta tana ɗaki na ƙarshe, mai sanyi kamar firji. Na san aikin digirin Bi-Layi ne a kanta, ya yi makonni yana tafiya, ya cinye ta kaf. Na tafi da faɗana a baki, har na tanadi abin da zan ce in ya ambaci layi.

Yana zaune cikin rigar sanyinsa mai yagaggen gwiwar hannu. Na zazzage masa komai a tsaye, ban ko gaishe shi ba. Ya dubi allonsa, ya ɗan jima.

"Turo min iyakar wurin da kike so," ya ce.

"Naka fa?"

"Ki turo."

Na turo. Ya danna abin da zai danna, fankokin injin suka yi shiru, suka sake tashi. Faɗan da na zo da shi ya rasa inda zai sauka, sai na tsaya ina murza bakin mayafina. Yaya ta kira ta sake kira, ina ce mata ta ƙara haƙuri, ni da ba ni da shi.

Da hoton ya fito, ga tsibirinmu da siffarsa, ga dutse, ga mashigi. Da safe shuɗi, wato lafiya. Daga hantsi ya fara ja, kafin azahar ya yi jawur, daidai lokacin da jirgin zai kasance a tsakiyarsa. Bayan dutse kuwa shiru, sai ɗan juyi kusa da ƙarshen tsibirin. Bi-Layi ya sa yatsa a wurin. "Ki ce masa ya ba wannan kusurwar tazara."

Na kira matuƙi na faɗa masa. Yaya ta fizge wayar. "Ke, ƙarin tafiya? Kin ji yadda yarinyar nan take kuwa?"

"Na ji, Yaya. Ku zagaya. In da laifi, a wuyana."

Na jiyo matuƙi yana cewa, "Hanyar lafiya a bi ta da shekara, amma da mai naƙuda sai a ɗan taka wuta." Suka tashi.

Ban iya aikin komai ba ranar. Bayan la'asar matuƙi ya kira. Ya ce da suka fito daga bayan dutse ya hango mashigin ya yi fari fat da kumfa, ko shi kaɗai ba zai so shiga ba, balle da mai ciki a kwance. An yi aiki. Mace aka samu, uwa da 'ya suna numfashi.

Na ruga ɗakin sanyi in gaya wa Bi-Layi. Ya mayar da aikinsa kan injin. Na leƙa allon, sai na ga lissafin ya koma ranar farko cikin kwanakin da yake hasashe.

"Ba ya ci gaba daga inda ya tsaya?"

"Babu wurin ajiya, faifan ya cika. In an tsayar da shi, daga farko ne."

"Ba wannan makon za ka miƙa aikin digirin ba?"

"Sai zaman masu jarrabawa na gaba." Ya gyara tabarau. "Uwar ta farfaɗo?"

"Ta farfaɗo."

"To, alhamdu lillahi."

Wallahi kunya ta kama ni, godiya kuma ta cika min ciki har na rasa ta inda zan fara. Ya san abin da zai rasa tun kafin ya danna, bai kuma faɗa min ba, don kada in tsaya ina auna yarinyar da digirinsa.

"Na gode, Malam," na ce. "Allah ya saka maka da abin da ya fi."

"Amin. Ki rufe ƙofa, sanyi na fita."

Na rufe, amma daga ciki. Na ja kujera na zauna kusa da shi, muna kallon aikinsa yana rarrafe zuwa rana ta biyu.