Saukar Baba Firmin

"Sassauta hagu! Hagu na ce, Gaspard, ko kunnenka ma ya yi ritaya?"

Muryar Baba Firmin Gachet ce daga sama. Ina tsaye a ƙofar shagona na cuku, ina kallon maƙwabcina na shekara arba'in yana lilo tsakanin tagar bene da ƙasa, ɗaure tamau a gadon ceto. Rabin ƙauyenmu ya cika layin.

Likita ya ce kwanaki ne suka rage masa. Firmin ya ce shi ba zai mutu yana kallon silin ba, a kai shi masana'antarsa da ke tsallaken titi. Matakalar gidansu kuwa, ko kujera sai an karkata take wucewa. 'Yarsa Solange, wadda ke riƙe da kamfanin yanzu, ta yi lallashi har ta gaji, sannan ta kira Gaspard, shugaban masu ceto a kogo.

"Baba, ka yi shiru mana, ka bar su su yi aikinsu," in ji Solange daga taga.

"Aikin nasu wa ya koya musu?"

Mutane suka kwashe da dariya, wasu suna share ido.

Gadon nan Firmin ne ya ƙirƙiro shi. Mahaifinsa maƙeri ne, mai takalman dawaki da ƙararrawar shanu. Firmin da ƙanensa Lucien suka taso suna tsince guntayen ƙarfe, suna ƙera tsani da ƙugiya don shiga kogon da ke ƙarƙashin dutsenmu. Wata bazara dutse ya faɗo wa Lucien a baya, can cikin ƙasa. Kwana uku ana fama a fito da shi a kan ƙyauren ƙofa, ƙyauren ya ƙi wucewa ta matsatsi. A hannun wansa ya cika.

Firmin ya kulle kansa a maƙera har sanyi ya shigo. Ya fito da gado siriri mai lanƙwasa, wanda duk inda kafaɗar mutum ta shige shi ma zai shige. Marigayiya matarsa Odile ce ta ɗinka madaurin a keken ɗinkinta na kicin. Yau mutum sittin ke aiki a masana'antar, kayansu na zuwa ƙasashen da ni ko sunansu ban iya faɗa ba.

Da gadon ya taɓa ƙasa, Firmin ya lalubi ƙullin igiyar da ke kusa da kansa.

"Wa ya ƙulla wannan?"

"Ni ne, Baba," in ji Gaspard.

"To, ba laifi. Lokacin da na fito da kai da karyayyiyar cinya, ihunka har awaki sun ji. Ni ka ji na yi ihu?"

"Tun daga taga kake yi, Baba."

Mutum shida suka ɗauke shi suka tsallaka titi, na bi su da bargo. Muna shiga, ma'aikata suka kashe injuna suka cire huluna.

"Wa ya ce ku tsaya? Gawa kuka gani? Ku kunna!"

Aka kunna. Aka ajiye shi kusa da tsohuwar uwar maƙerar mahaifinsa. Ya ce a miƙo masa ƙugiya ɗaya cikin na yau. Na ga Solange ta daskare. Shekara tara ke nan da ta daina amfani da baƙin ƙarfensa ta koma wani mara nauyi. Ranar ya ce mata za ta kashe mutane, kuma tun daga nan bai sake taɓa ƙugiyarta ba.

Ita da kanta ta ɗauko ta sa masa a tafi. Ya auna nauyinta. Ya kai ta kusa da kunne, ya buɗe bakinta da babban yatsa, ya saki. Ƙas. Ya sake. Ƙas.

"Mutum nawa suka faɗo da ita?"

"Ko ɗaya, Baba."

"Na sani. Ina tambayar Gaspard duk wata." Ya ja numfashi. "Ta fi tawa, Solange. Ta fi tawa nesa."

Solange ta durƙusa ta kifa goshinta a hannunsa. Ya dube ni ta saman kanta.

"Léonie, me kike kallo? Je ki yanko min cukun nan naki mai wari, likita ba ya nan."

Na kawo. Ɗan ƙaramin yanki ya iya ci, amma ya ce gishiri ya yi kaɗan, kamar yadda yake faɗa kullum.

Kwana biyu ya yi a wurin. Ya rasu ranar Alhamis da rana tsaka, injuna na aiki, kuma sai da aka gama zubin da ke kan wuta Solange ta ce a kashe.

Ranar jana'iza na makara wajen rufe shago. Gaspard da mutanensa sun zo kai tsaye daga wani ceto a bayan dutse, ba su ko sauya kaya ba. Da na iso coci an riga an fara waƙa a ciki. A bakin ƙofa takalmansu ne a jere, ƙafa goma sha huɗu, jar lakar kogo tana bushewa a kansu a rana.